Aikin Zahra'u Kan Adaidaita Sahu

Zahra'u ta riƙe littafin aikinta a gaban mai makaranta, bakinta na motsi, amma kalma ɗaya ta ƙi fitowa.

Malamarta, Malama Saratu, na tsaye a gefe tana kallo. Malamai huɗu ne a kan gwaji a wannan makarantar kuɗi ta Daurawa, ɗaya kacal za a riƙe, kuma yau ce ranarta. Duk zangon nan ta dage cewa jarrabawa kaɗai ba ta auna yaro. A ba shi aiki: ya yi hira da wani, ya rubuta da Turanci, ya tsaya ya karanta, kowane mataki da makinsa.

Zahra'u ce hujjarta. 'Yar mai adaidaita sahu ce, bara suka taso daga ƙauye zuwa Gyaɗi-Gyaɗi, a lokacin ko sunanta ba ta iya rubutawa. Da babanta ta yi hirar.

Ayyukan 'yan aji biyar suka dawo a buge tsaf daga wani shagon kwamfuta na Zoo Road. Malama Husaina, aminiyar Saratu, wadda ita ma tana cikin huɗun, ita ta taimaka ta kai. Saratu ta karanta na Zahra'u har sau uku, ba kuskure ko ɗaya. Daɗi ya hana ta yin tambaya. Husaina ma ta ce, "Wannan za ki sa a gaba ranar gwaji, kar ki yi wasa."

"Wa ya rubuta miki?" in ji mai makarantar, Alhaji Inuwa. Yarinyar ta sunkuyar da kai. Ya juyo ya yi wa Saratu kallon da ba ya buƙatar bayani.

Ranar Alhamis aka sallami Saratu. Husaina aka riƙe, ta rako ta har bakin titi tana share hawaye.

Korar ba ta ci wa Saratu rai kamar cin amanar da yarinyar ta yi mata ba. Sau nawa aka tashi tara ta haƙura da abinci don ta zauna da ita? Ashe wani ta kai wa ya rubuta mata.

Bayan mako biyu suka yi kiciɓis da Zahra'u a wani layi a Gyaɗi-Gyaɗi. Saratu ta ɗauke kai. Yarinyar ta biyo ta da gudu.

"Malama, don Allah yaushe za a dawo min da nawa?"

"Naki me?"

"Aikina, wanda na rubuta da fensir, shafi biyu. Malama Husaina ta ce ya yi datti, ta canza min da wancan, ta ce ke kika ce kar in gaya wa kowa."