Daƙiƙa Biyar Kafin Ta Buɗe

Daƙiƙa biyar kwamfutar gidan take ba mutum ya zaɓa. Idan aka kunna ta, layi biyu ne ke fitowa a baƙin allo: na sama na Malama, na ƙasa na Mai Kemis, mijinta. Wanda bai taɓa komai ba, ɓangaren Malama za ta kai shi.

Mai gyara ne ya raba musu ita haka, don manhajar da Malama ke tsara jarrabawar ɗalibanta ba ta aiki a tsarin da mijin ya saba da shi. Ya ce musu tamkar ɗaki biyu ne mai ƙofa ɗaya, ba a shiga duka a lokaci guda. Mai Kemis bai taɓa leƙa ɗakin matarsa ba. Me zai gani, tambayoyin aji huɗu?

Nasa ɗakin kuwa akwai abin ɓoyo. Bara ya manta 'yarsu a makaranta har awa uku saboda wasan dara na intanet. Ranar ya rantse ya daina, Malama kuma ta rantse in ta sake kama shi, kwamfutar za ta koma ofishinta har abada.

"Da ma a ce ka iya ne, da sauƙi," ta ce.

Rantsuwar tasa ta yi kwana tara.

Irin wasan nan ne da za ka tura ɗan dararka ka tafi harkarka, abokin karawa ya zo daga baya ya tura nasa. A nan ya haɗu da wani mai kiran kansa Guguwa. Kai, wannan mutum ba shi da imani! Sau arba'in da ɗaya suka kara, sau arba'in da ɗaya ya lallasa shi. Ga raini: bai taɓa yarda sun haɗu lokaci guda ba. Sai Mai Kemis ya tafi shago da yamma, sannan ya lallaɓo ya yi ɓarnarsa.

Abin ya ci masa rai. Yana ƙirga ƙwayoyin magani yana zagin Guguwa a zuci. Ya dawo gida ya tarar da linzamin kwamfuta a gefen hagu, ya mayar da shi dama da tsaki, don ya gaji da zama da bahaguwa.

"Maigida, lafiya kake ta ramewa?" in ji Malama, tana ƙara masa abinci.

"Kasuwa ce."

A wasa na arba'in da biyu ya ɗana tarkon da ya yi mako yana shiryawa. Motsi ɗaya ya rage. Ranar Asabar ya rufe shago da rana tsaka ya garzayo gida, ya ji Malama tana wanki a baya, ya kunna kwamfuta. Yatsansa na kan maɓallin kibiyar ƙasa, zai zaɓi layinsa, sai ya ji takunta. Ya zabura ya ɗauki jarida a kife.

Ta wuce da bokiti, ko kallonsa ba ta yi ba.

Ya sauke jaridar. Daƙiƙa biyar sun riga sun wuce, kwamfutar ta shige ɗakin Malama. Ya kai hannu zai kashe, sai wani shafi da aka bari bai rufu ba ya buɗe kansa. Allon dara ne, da tarkonsa a kai, sai dai daga ɗaya gefen yake kallonsa.

A saman shafin an rubuta: "Barka da dawowa, Guguwa."