Keji Ɗari Huɗu

Farfesa ya tare ta a ƙofar ɗakin ɓeraye, ragowar kek ɗin ritayarta na hannunta.

"Minti biyar kawai. Mujallar da ta buga bincikenmu ta ce mu maimaita gwajin ko ta janye takardarmu. Waɗanne ɓeraye ne aka cire wa mai karɓar saƙon?"

Shekara goma sha tara tana kiwonsu a wannan ɗakin bincike na ƙasar Holan. Ita ta fara lura cewa in babu mai karɓar saƙon nan, wani sinadari da ke kan ƙwayoyin garkuwar jiki, ƙwayoyin ba sa girma a taimos, 'yar tsokar da ke bayan ƙashin ƙirji. Da takardar ta fito, sunaye bakwai ne a kai, babu nata.

Ya sassauta murya. "Alamomin jikin kejin, ke kaɗai kika iya karanta su."

"Na karanta takardar, Farfesa. Shafi na uku ya ce kai ka kiwata su da hannunka. Ai ka san 'ya'yanka."

Ta miƙa masa makulli, ta hau kekenta cikin yayyafi.

Ya kunna fitila. Keji ɗari huɗu, ɓeraye baƙaƙe iri ɗaya, duk sun ɗago suna kallonsa.