Wuƙa Mai Giɓi

Kwalba ɗari uku take kankarewa a wuni. Ruwan ɗumi a baho, garin sabulu, sai ɗigon kananzir saboda danƙo mai taurin kai. A jiƙa, takarda ta yi laushi, Maman Auta ta sa wuƙa ta ɗaye. Kwalaben magani ne da aka shanye aka yar. Buhu-buhu ake kawo su ɗakin bayan gareji, a kwashe su fes. Ina ake kai su? Oho. Mai majinyaci a gida ina ta ga lokacin tambaya?

Wuƙar tata tsohuwa ce, da giɓi a baki, duk inda ta bi sai ta bar zane biyu sirara a jikin kwalba.

"Ranka ya daɗe, zan sake wuƙa," ta ce wa mai wurin, ranar da ta ga yana shafa zanen.

"Bar shi kawai, ba ya fitowa."

Auta shekararta shida, farfaɗiya gare ta. Shekara biyu cur ba ta faɗi ba, sai maganin ya yanke a asibiti. Aka nuna wa uwar wani kanti da ba ya rasa shi: irin kwalbar, irin takardar, murfi a liƙe. Auta har murna ta yi, wai ya fi na da zaƙi. Don sayensa uwar ta kama aikin nan, har yatsunta suka yi fari suka tsattsage.

Amma ciwon ya dawo. Daga mako-mako ya koma kullum. Likita ya ƙara cokali, ya sake ƙarawa. Yarinya ta ciji harshe, ta ƙone hannu a murhu, yanzu sunan yayanta ma sai ta yi ta lalube. Uwar kuwa, wallahi ko sau ɗaya ba ta tsallake lokacin magani ba. Kuka ya ƙare mata, sai tsoro.

Ran Laraba da hantsi, bayan Auta ta yi faɗuwa ta biyu a ranar, uwar ta tsiyaye cokalin ƙarshe ta ba ta. Ta jefa kwalbar cikin ruwan wanke-wanke, da niyyar gobe ta tafi da ita wurin aiki. Ko farce ba ta sa ba, takardar ta zame da kanta.

Ta ɗauraye, ta ɗaga kwalbar saitin taga, kamar yadda hannunta ya saba.

A inda takardar ta rufe, ga zane biyu sirara, na wuƙarta.