Idanu a Cikin Yashi

Tunda ka ce tambaya zubar da girma ce, gara mutum ya leƙa ya gano da kansa, to gyara zama ka ji wani misali.

An yi wani direban babbar mota, mutumin arewa, da ya ajiye tuƙi ya zauna a wani gari na bakin teku. 'Ya'ya sun girma, abinci bai dame shi ba, sai fatsa ta zama abin ɗebe masa kewa. Kifi ɗaya ne ya shiga ransa: wani shimfiɗaɗɗe kamar faifai, cikinsa fari fat, bayansa launin ƙasa, idanunsa biyu duk a gefe guda suna kallon sama. Shi wannan kifi ba mai yawo ba ne. Kwanciya yake a ƙasan ruwa ya lulluɓa da yashi, ya jira abin da ruwa zai kawo masa. Direba ya yi ta jefa fatsa a kan duwatsu, ko sau ɗaya bai same shi ba. Amma akwai wani dattijo mai malfa, wanda ba ya hira da kowa, shi ma don sha'awa yake kamun, kuma bai taɓa dawowa babu kifin nan a kwandonsa ba. Direba ya ga ya fi ƙarfin ya tambaya. Sai ya riƙa laɓewa bayan wani ruɓaɓɓen kwale-kwale yana lura da shi, har ya gane cewa bakin rafi dattijon yake nufa, inda ruwan daɗi ke gamuwa da na gishiri, kuma ba ya tafiya sai teku ta janye ta bar fili.

Wata rana da hantsi teku ta janye fiye da yadda ta saba. Dattijo ya ɗauki kwandonsa ya miƙa, direba ya bi sawunsa daga nesa. Suna cikin tafiya wani hazo mai sanyi ya taso daga teku ya haɗiye dattijon, ya zamana sai sawu kaɗai. Direba ya yi ta bi, har ya daina jin hayaniyar gari, har kukan tsuntsaye ya ɗauke. A gaɓar wani kwarin ruwa sawun ya ƙare. Babu mutum, babu sawun komawa. Ya duƙa ya duba ruwan, wanda bai wuce idon sawu ba a gefe, sai ya ga yashin yana kallonsa. Idanu ne bibbiyu, ƙanana, nan da can, ko'ina ya juya, kuma babu wanda ya motsa. Amma kwaɗayi ya danne tsoro. Ya soka jatan lande a ƙugiya, ya jefa, ya ja a hankali bisa ƙasa. Nan take ya ji nauyi. Ya cire kifin ya saka a kwandonsa, ya sake jefawa, ya sake jin nauyi. Bai taɓa ganin rana irin wannan ba, bai kuma ɗaga kai ba sai da sanyi ya taɓa masa ƙwauri. Ya waiwaya. Ashe teku ba ta gabansa ta dawo ba, ta baya ta zagayo, shiru, ba ko igiyar ruwa. Filin da ya ratso ya zama ruwa, sawunsa da na dattijon duk sun shafe. Gabas da yamma suka zama ɗaya. Ya ƙwala kira, hazo ya shanye muryar. Ruwa ya kai gwiwa, kifayen kwandonsa suka fara motsi.

Sai ya ji tari daf da kafaɗarsa, aka ce, "Kada ka koma ta inda ka zo, Malam, can ya yi zurfi. Zubar da kwandon, ka biyo ni." Ya juya, bai ga kowa ba. Ya saki kwandon, ya bi tarin. In ya karkace sai ƙafarsa ta zurma, tarin ya sake fitowa ta wani gefe, ya gyara. A haka, yana salati ruwa na dukan ƙirjinsa, ya bi wani siririn tudun yashi har ya faɗi a kan busasshiyar ƙasa. Da ya ɗago, ga dattijo zaune a kan ruɓaɓɓen kwale-kwalen nan, rigarsa a bushe, ko laima babu a ƙafarsa. Dattijo ya dube shi ya ce, "Tun ranar da ka fara tsugunawa a bayan jirgin nan nake jira ka yi mini sallama. Wurin kifi ai kowa na iya leƙowa. Lokacin barin wurin ne ba a gani da ido, sai an faɗa wa mutum." Direba yana rawar sanyi ya ce, "Baba, kai ne ka yi mini jagora?" Dattijo ya gyara malfarsa, ya ce shi tun da hazo ya sauko yake zaune a nan.

Direba bai sake taka filin nan ba, kuma har ya bar duniya in an ajiye masa kifin da ba a cire wa kai ba, sai ya sa a juya idon ƙasa kafin ya sa hannu. Shi ya sa Hausawa suke cewa, kifi na ganinka, mai jar koma.