Tayar da Ta Fashe a Mashigin Dutse

Barira, 'yata, share hawayen nan ki matso kusa. Rumfar kasuwa ce aka hana ki aka bai wa wata, ba numfashinki aka ƙwace ba. Bari in ba ki misali da wani manomin dankali da ke zaune can saman duwatsun Mambila, inda sanyi ke ratsa bargo, gajimare kuma ke saukowa ya kwanta a kan hanya kamar an shimfiɗa auduga.

Mutumin nan ya daɗe da aure Allah bai ba shi haihuwa ba, sai da furfura ta fara leƙo masa a gemu matarsa ta haifi 'ya mace a gidan iyayenta, wani ƙauye da ke bayan dutse. Ranar suna ya yi sammako, ya ɗaure goro da turmin atamfa da 'yan rigunan jariri a bayan kekensa, ya kama hanya. Hanyar kuwa ɗaya ce, ta mashigin da ke tsakanin duwatsu biyu. Wajen hawa babu mai iya tuƙa keke, sai dai turawa. Haka ya yi ta tura shi, ga laka saboda ruwan da aka kwana ana yi, zufa na karyo masa duk da sanyin. Abin da ke ƙarfafa masa zuciya shi ne in ya kai ƙololuwa an gama wahala: daga can gangara ce zalla, zai zauna kan sirdi ya saki birki, iska ta kai shi ƙofar surukansa kafin liman ya raɗa suna. To, ya kai ƙololuwar, ya ɗora ƙafa kan feda ke nan, sai wani tsinin dutse ya yage tayar gaba, yagewar da faci ba ya yi mata magani. Ya tsaya yana kallonta. Ya yi tsaki, ya hamɓare keken da ƙafa, har ƙwalla ta cika masa ido. A ransa yana cewa, ina laifin ta fashe tun a gida, sai yanzu da na gama biyan wahalar hawa za a hana ni daɗin sauka? Da ya ga fushi ba zai ɗinke roba ba, ya ɗaga keken ya soma gangarawa a ƙasa yana jan sa, yana ƙunƙuni.

Gajimare ya rufe hanya, mutum ba ya ganin abin da ya wuce tsawon igiyar ɗaure akuya. Yana cikin tafiya ya fara jin rurin ruwa a inda bai saba jin sa ba. Da ya sha wata kwana mai kaifi sai ya ja ya tsaya cak. Babu hanya a gabansa. Ruwan sama ya zaftare gefen dutsen, ya tafi da ƙasa da kwalbatin da ke wurin gaba ɗaya, sai wani wawakeken rami da jan ruwa ke tafasa a can ƙasansa. Ya dubi ramin, ya dubi tayar, ya tuna irin gudun da yake yi a wannan kwanar duk lokacin da ya biyo ta. Ya zauna daɓas a cikin laka yana salati. Bai gama dawowa cikin hayyacinsa ba ya jiyo ƙararrawar keke daga sama. Ya zabura, ya fizgo atamfar mai jego, ya ruga da gudu yana kaɗa ta yana ihu: “Tsaya! Don Allah tsaya, hanya ta yanke!” Wani mai sayar da zuma ne ya taho a guje. Ya danne birki, keken ya zame, ya zube a gefen hanya, jarkar zuma ɗaya ta fashe. Ya tashi zai yi faɗa, sai manomin ya kama hannunsa ya kai shi bakin ramin. Mai zuma ya daɗe yana leƙawa, sannan ya ce, “Bawan Allah, 'ya'yana sun gode.”

Su biyun suka jawo rassan itace suka tare hanya daga sama saboda masu zuwa. Sannan suka bi wani ɗan burtalin shanu da ya zagaye zaftarewar, suna kama wa juna kekuna a wuraren santsi, har suka tsallake rafi. Sai bayan azahar manomin ya isa, tabo har wuya. An riga an raɗa suna, an yanka rago, baƙi sun fara watsewa. Surukarsa ta fito da jaririyar a naɗe ta miƙa masa, ta ce, “Lafiya dai? Hankalinmu duk ya tashi.” Ya ce, “Lafiya lau, Inna, taya ce ta fashe mini.” Ta ce, “Assha, ka ga rashin sa'a.” Shi kuwa ya rungume 'yarsa yana jin ɗuminta a ƙirjinsa, sai dariya ta ƙwace masa hawaye na zuba, yana ta faɗin alhamdu lillahi.

Shi ya sa Hausawa suka ce, wani hanin ga Allah baiwa ne.