Man da Ya Kai Su

Yana kwance rubda-ciki a wutsiyar jirgin dakon mai, yana saita bututu, sai jirgin yaƙin amininsa ya matso ta ƙasa. Mai-shayarwa ake ce masa a sansani, don shi ke ɗura wa jirage mai a sararin sama.

"Sha ka ƙoshi, ɗan lelen Inna," Mai-shayarwa ya tsokani aminin ta rediyo.

Kullum aminin kan ɗago kai ta gilashi ya yi masa gwalo. Garinsu ɗaya, kuma a kwano ɗaya suka taso suna ci a ɗakin Inna, mahaifiyar Mai-shayarwa. Yau ko kallonsa bai yi ba.

Da safe kwamanda ya ce atisaye ne kawai. Amma da jirgin aminin ya dawo shan mai na biyu, ƙarƙashin fukafukansa wayam, babu ko ɗaya daga bama-baman da ya tafi da su.

Suna sauka Mai-shayarwa ya kunna waya, kiran ƙanwarsa ya shigo.

"Yaya, jirage sun yi wa garinmu ruwan wuta. Unguwarmu ta zama toka. Har yanzu ba mu ga Inna ba."

Da hannunsa ya ba su man zuwa. Duk da haka ya nema wa aminin uzuri, ƙila shi ma bai san inda aka tura shi ba.

Ya tambayi ƙanwar, "Tsohuwar abokina fa? Katangarmu ɗaya da ita."

"Ai ba ta nan, Yaya. Shekaranjiya ya aiko mota aka ɗauke ta, har da awakinta."