Wasa Uku Ya Rage wa Bawa

A shekarun da Jos ta koma garin ƙanƙara, wasan hoki na kan ƙanƙara ya ture ƙwallon ƙafa, kowace ƙungiya kuwa tana da na'urar tantance 'yan wasa. Ɗan wasa ya zaga fili sau ɗaya, sai ta faɗi adadin wasannin da suka rage masa a duniya. Dalili kam, ba ta faɗa.

Ran nan Koci Lantana na haɗa sunayen 'yan kakar bana, tana duba adadin da na'urar ta ba kowa. Wannan ɗari huɗu, wancan ɗari biyu. Da ta zo kan Bawa, mai tsaron ragarta, saurayi lafiyayye wanda duk Filato babu kamarsa, sai ta ga uku. Ta goge tabarau ta sake dubawa. Uku dai.

Gwiwa ce za ta tashi? Wasan zai bari? Ko kuwa ɗaya abin ne, ajali? Ta yanke a ranta ta cire shi, don ukun nan kada su taɓa ƙarewa.

Ta tarar da shi yana ɗaura takalmin sulu.

"Mama Koci, nawa matsafiyarki ta ba ni?"

Ta so yin ƙarya, bakin ya ƙi. "Uku, ɗan nan. Bana ka huta."

Bawa ya daɗe yana kallon igiyar takalminsa, sannan ya ja ta ya ƙulle.

"Hutun me? Ke dai kada ki ɓata min ko ɗaya a kan 'yan Bukuru, waɗannan ko babu gola za mu cinye su. Ki adana min su sai wasannin kofi."

Lantana ta mayar da sunansa cikin jerin 'yan wasa.